YADDA A KE GYARA TSAWON TAKARDAR YANKA TUFAFI

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu za su fita gwajin koyarwa su tarar an haɗa musu da ajin ɗinki. Wanda duk ya riƙe irin wannan aji zai ga wani abu da ya kan faru ko wace shekara. Yarinya ta kan kawo yadin da uwarta ta saya da ƙyar, ta shimfiɗa takardar yanka a bisa, ta bi ta da almakashi sosai yadda aka koya mata, ta ɗinka da kyau. Amma ran da ta sa rigar sai a ga ƙugun riga ya sauko bisa kwatangwalo, ko kuwa hannu ya tsaya nesa da wuyan hannu. Yadi ya riga ya yanku, ba a mai da shi. Uwar kuwa ba takarda za ta zarga ba, malami za ta zarga.

Dalilin wannan ɓarna guda ɗaya ne, watau ba a gyara tsawon takardar ba kafin a yanka. Nufina a nan in bayyana yadda a ke wannan gyara, da wuraren da a ke yinsa, da dalilin da ya sa ba a gindin riga kaɗai a ke yinsa ba.

Jikin da aka yi takardar dominsa

Telolin ƙasarmu tun da can ba su bukatar takarda. Su kan auna mutum, su zana bisa yadi da alli, su yanka. Babbar riga da 'yar shara yalwatattu ne, inci ɗaya ba ya ɓata su. Amma tufafin da ke bin jiki, kamar su bulawus da siket da doguwar riga mai ɗinki a ƙugu da wandon kaki, ba su da wannan haƙuri. Domin irinsu ne a ke amfani da takardar yanka, watau takardar da aka zana sassan riga a kai, a ɗora bisa yadi a bi.

A shekarar 1863 ne wani tela a Amurka mai suna Ebenezer Butterick ya fara sayar da irin waɗannan takardu girma-girma, ko wane girma da lambarsa. Kamfanin McCall ya biyo baya a 1870, Simplicity kuma a 1927. A Jamus mujallar Burda ta fara fita a 1950, daga 1952 kuma ta riƙa sa babbar takardar yanka a cikinta. Yau har ta intanet a kan sayi takardar a buga ta a gida.

To, duk waɗannan kamfanoni ba su taɓa ganin 'yar ajinka ba. Sun ɗauki wani jiki matsakaici ne suka zana dominsa. Kamfanonin nan na Amurka su kan zana na mata domin mace mai tsawon ƙafa 5 da inci 5 zuwa 6, na maza kuwa domin mutum mai wajen ƙafa 5 da inci 10. Burda ta kan ɗauki santimita 168 a matsayin tsawon mace matsakaiciya. Ku dubi layin da mu ke yi da safe, mutum nawa ne suka faɗa daidai kan wannan awo?

Kada kuma wani ya ce in mutum dogo ne sai a saya masa lamba ta gaba. Lambobin nan faɗi su ke bi, ba tsawo ba. A jerin awon kamfanonin Amurka, lamba 12 tana da ƙirji inci 34, lamba 14 tana da inci 36, watau an ƙara inci 2. Amma tsawon baya daga gindin wuya zuwa ƙugu inci 16 da kwata ne a lamba 12, inci 16 da rabi a lamba 14, watau kwata ɗaya tak aka ƙara. Wanda ya sayi babbar lamba domin neman tsawo, buhu zai samu. Sabo da haka a kan zaɓi lamba bisa ga ƙirji in riga ce, bisa ga kwatangwalo in siket ne ko wando, sa'an nan a gyara tsawo da hannu.

Tsawo ba a gindi kaɗai ya ke ba

Jikin mutum yana da zango-zango. Daga wuya zuwa ƙirji zango ne, daga ƙirji zuwa ƙugu wani, daga ƙugu zuwa kwatangwalo, daga nan zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa idon sawu. Hannu ma yana da nasa biyu, gwiwar hannu ce ta raba su. Ita takardar yanka an tsuke ta inda jiki ya tsuke, an buɗa ta inda jiki ya buɗe. In zangon takarda bai faɗa kan zangon jiki ba, ko da tsawon rigar duka ya yi daidai, rigar ba za ta zauna ba.

Bari mu ɗauki misali. Ga takardar doguwar riga lamba 12, samanta daga gindin wuya zuwa ƙugu inci 16 da kwata, siket ɗinta inci 24. Duka ke nan inci 40 da kwata. Ga kuma 'yammata biyu masu tsawo ɗaya, ko waccensu tana son riga mai inci 38 da kwata. Da ganin fari sai a ce ai aikinsu ɗaya ne, a datse inci 2 a gindi a huta. Amma da aka auna, ta fari bayanta inci 16 da kwata ne, ƙafafunta ne gajeru. Ita kam inci 2 ɗin duka daga siket za a cire. Ta biyu kuwa bayanta inci 15 ne kawai, ƙafafunta dogaye. Ita tilas a cire inci 1 da kwata daga sama, kwata 3 daga siket. In aka datse mata a gindi, ɗinkin ƙugu zai sauka ƙasa da ƙugunta da inci 1 da kwata, yadi ya tattaru a gadon bayanta, wurin da aka tsuke ya je ya matse ta inda jikinta ya fara buɗewa.

Ashe tambayar da za a yi ba "nawa za a rage?" kaɗai ba ce. Sai an haɗa da "a ina za a rage?"

Kayan aiki da awon jiki

Kayan da a ke bukata ba su da tsada: tef ɗin awo, da doguwar rula, da fensir mai tsini, da fil, da gam ko salatif, da almakashin takarda, da 'yan guntayen takarda na ƙari. Kada a yanka takarda da almakashin yadi, gama ta kan dakusar da shi. In takardar ta yamutse cikin ambulan, a goge ta da dutsen guga mai ɗan ɗumi, ba ruwa, domin takarda mai tamoji ta kan ci awo. In ta aji ce wadda mutane da yawa za su yi amfani da ita, ko wane ɗalibi ya kwafi tasa bisa takardar jarida ko ta buhun siminti da aka kakkaɓe, a ajiye ta asali.

Kafin a fara awo a ɗaura siririn zare ko tsumma a ƙugu, mutum ya karkata dama da hagu. Inda zaren ya zauna da kansa, nan ne ainihin ƙugu, ba inda a ke ɗaura zane ko a ke sa bel ba. Mutum ya tsaya yadda ya saba tsayawa, kada ya miƙe kamar soja a fareti. Ba ya kuwa iya auna kansa daidai, sai wani ya auna shi. Ga awon da a ke ɗauka:

1. Daga ƙashin nan da ke tasowa a gindin wuya ta baya in an sunkuyar da kai, zuwa zaren ƙugu.
2. Daga kafaɗa, dab da wuya, zuwa tsinin ƙirji, sa'an nan a zarce zuwa zaren ƙugu ta gaba.
3. Daga ƙugu zuwa inda kwatangwalo ya fi faɗi.
4. Daga ƙugu zuwa gwiwa, da kuma zuwa inda a ke so tufar ta tsaya.
5. Daga ƙarshen kafaɗa zuwa gwiwar hannu, da kuma zuwa wuyan hannu, an ɗan lanƙwasa hannun.
6. Domin wando, mutum ya zauna a miƙe bisa benci mai tauri, a auna ta gefe daga zaren ƙugu zuwa bencin. Wannan shi ne zurfin zama.

A rubuta ko wane awo nan take cikin littafi, da kwanan wata. Sa'an nan a gwada su da na takarda. Tsawon baya a kan same shi a rubuce a bayan ambulan, sai a gwada da wannan. Sauran kuwa a auna su bisa takardar kanta. Amma a lura ƙwarai, daga layin ɗinki zuwa layin ɗinki a ke aunawa, ba daga baki zuwa baki ba. Yawancin takardun Amurka sun bar rarar ɗinki 5/8 na inci, watau santimita 1 da rabi, a ko wane gefe, da rarar kalmasa a gindi. Na cikin mujallar Burda kuwa ba su da rara sam, mai yanka ne ke ƙarawa. Wanda ya buga tasa daga intanet, ya fara auna ɗan murabba'in gwaji da a kan zana a shafin farko. In murabba'in bai cika awon da aka rubuta a jikinsa ba, injin ya rage ko ya ƙara girman takardar duka, sai a sake bugawa.

Bambancin da ke tsakanin awon jiki da na takarda a ko wane zango, shi ne abin da za a ƙara ko a rage a wannan zango.

Yadda a ke rage tsawo

In kun duba takardar yanka za ku ga wata doguwar kibiya. Ita ke nuna yadda zaren tsaye na yadi zai bi, watau zaren da ke tafiya tare da bakin yadi. Za ku kuma ga layuka biyu a jere, kusa da juna, sun gitta takardar. Nan ne kamfani ya nuna wurin gyara, gama ya zaɓi inda gyara ba zai taɓa siffar riga ba. In babu waɗannan layuka sai mutum ya ja nasa, amma lalle ya gitta kibiyar sosai, kamar yadda kusurwar littafi ta ke.

A ce inci 1 za a rage. A auna inci 1 sama da layin gyara a wuri uku, hagu da tsakiya da dama, a ja sabon layi da rula. Sa'an nan a karya takardar a kan layin gyara, a ɗago karin a kai shi kan sabon layin, a danne, a manne. A duba kibiya, ta sama da ta ƙasa su zama layi ɗaya miƙaƙƙe.

A nan ne 'yan koyo suka fi tuntuɓe. Ninki ya kan ci takarda sau biyu, tafiya da dawowa. Ninkin da zurfinsa rabin inci ne, inci 1 ya ke cirewa. Wanda ya yi ninki mai zurfin inci 1, inci 2 ya cire ke nan. Sabo da haka bayan an manne a sake ɗora tef a tabbata.

Yadda a ke ƙara tsawo

A ce inci 1 da rabi za a ƙara. A sami guntuwar takarda wadda ta fi wurin faɗi, a ja layuka biyu a kanta, tsakaninsu inci 1 da rabi daidai daga wannan gefe har wancan. A ja wani layi a tsaye ya gitta su, shi zai zama ci gaban kibiya. Sa'an nan a yanke takardar yanka a kan layin gyara ta rabu biyu. A manna ta sama a kan layi na sama, kibiyarta a kan layin tsaye. A manna ta ƙasa a kan layi na ƙasa, ita ma kibiyarta a kan layin tsayen nan.

Wannan layin tsaye shi ne ran aikin. In aka bar shi, rabin ƙasa ya kan goce gefe ba a sani ba, siket ya riƙa juyawa a jiki, ƙafar wando ta murɗe, ɗinkin gefe ya zagayo gaba. Guga ba ta maganin wannan.

In abin da za a ƙara ko a rage ya fi inci 2, ya fi kyau a raba shi wuri biyu, domin kada gefen takarda ya yi babban tsalle a wuri guda.

Daidaita layuka

Bayan ninki ko ƙari za a ga gefen takarda ya yi ɗan mataki, domin yawancin gefuna a karkace su ke. Ba a yanka yadi da wannan mataki. In gefen miƙaƙƙe ne, a ɗora rula daga wani wuri sama da gyaran zuwa wani wuri ƙasa da shi, a ja sabon layi wanda ya raba bambancin, a ɗan ƙara a nan a ɗan rage a can. In mai lanƙwasa ne, a ja shi da hannu a hankali, ko a bi bakin faranti.

Haka kuma dat, watau ɗan ɗinkin nan mai tsini kamar bakin mashi wanda ke tsuke riga. In layin gyara ya ratsa ta cikinsa, a sake jan ƙafafunsa biyu daga gindi zuwa tsini, su zama tsawo ɗaya. Dat na ƙirji ya nufi tsinin ƙirji, amma kada ya kai, ya tsaya wajen inci 1 kafin nan. In awo na 2 ya nuna tsinin ƙirji ya fi na takarda sauka ko hawa, a zana akwati kewaye da dat ɗin, a yanke shi, a zame shi ƙasa ko sama, a cike gurbin da takarda.

Hannu da siket da wando

Dogon hannu mai bin jiki yana da ɗan wuri da aka buɗa domin gwiwar hannu. A gyara zangon sama da na ƙasa dabam-dabam, domin wannan wuri ya faɗa kan gwiwar. Kada a taɓa kan hannun, watau lanƙwasar da ke shiga kafaɗa, gama an auna ta daidai da ramin hammata.

A siket, layin kwatangwalo na takardun Amurka ya kan zo inci 9 ƙasa da ƙugu, na gajerun mata kuwa inci 7. In awo na 3 ya saɓa da wannan, a gyara tsakanin ƙugu da kwatangwalo tukuna. Sauran tsawon a gyara shi ƙasa da kwatangwalo.

Akwai dai inda gyara a gindi ba laifi. Siket miƙaƙƙe, da kaftani, da gajeren hannu miƙaƙƙe, da wando mai faɗi ɗaya daga gwiwa har ƙasa, duk ana iya datse su ko a ƙara musu a baki, gama faɗinsu ba ya sakewa. Amma siket mai buɗewa, in an datse gindi buɗewar ta ragu, in an ƙara ta ƙaru, yadi ya ƙi isa. Wando mai tsukakken baki kuma, in an datse sai bakin ya yi faɗi, in an zarce da layin sai ya tsuke har diddige ya ƙi wucewa. Irin waɗannan a tsakiya a ke gyara su.

Wando shi ya fi wuya, domin yana da zango uku. Na fari daga ƙugu zuwa hantsa. A ɗauki zurfin zama a ƙara masa wajen rabin inci zuwa inci 1 domin sakewa, a gwada da takarda, a gyara tsakanin ƙugu da hantsa. In wannan zango ya gajarta, wando ya kan ja mutum in ya zauna, har ɗinki ya fashe. In ya yi tsawo, hantsa ta yi reto tsakanin cinyoyi ta hana tafiya. Wando mai zariya a tuna da rarar ƙubaka a sama. Bayan wannan sai a gyara daga hantsa zuwa gwiwa, sa'an nan daga gwiwa zuwa baki.

Kullum daga sama a ke farawa a gangaro, gama gyaran sama ya kan motsa duk abin da ke ƙasa da shi. Tsawo kuma shi a ke fara gyarawa kafin faɗi. Ba amfani a buɗa kwatangwalon takarda alhali bai ma zo kan kwatangwalon mutum ba.

Abokan tafiya

Ko wane sashe na riga yana da wanda za a haɗa shi da shi. In an rage gaba, a rage baya daidai haka, a kuma wuri ɗaya. In riga tana da shafi, shi ma a gyara. Ƙyallen da ke lulluɓe bakin maɓallai ta ciki, shi ma. A duba aljihu ko ya koma inda hannu ba ya kai. A duba zif, gama in an ƙara sama da yawa, wanda aka rubuta a ambulan ba zai isa ba. In an gama, a ɗora gaba bisa baya, a bi layin ɗinki da yatsa daga hammata har gindi, a ga sun ƙare tare.

Wani lokaci gaba kaɗai ke son ƙari, kamar ga mai cikar ƙirji ko mai tumbi, ko kuwa baya kaɗai ga mai ɗan doro. Wannan a kan buɗa tsakiya ne a bar gefe yadda ya ke, domin ɗinkin gefe ya ci gaba da haɗuwa. Aiki ne na gaba, kada a fara wa 'yan koyo da shi.

Maɓallai kuma sai an sake raba su. A bar na sama da na ƙasa inda ya kamata, a raba tsakaninsu daidai. Misali, maɓalli 6 suna da tazara 5. In tsakanin na fari da na ƙarshe inci 15 ne, ko wace tazara inci 3 ke nan. In aka rage inci 1 da kwata, saura inci 13 da kwata 3, a raba 5, ko wace tazara ta zama inci 2 da kwata 3. A yi ƙoƙari ɗaya ya faɗa daidai tsinin ƙirji domin kada riga ta yi hamma a wurin.

Maganar yadi

A gama gyaran takarda kafin a tafi kasuwa. Yawan yadin da aka rubuta a ambulan na tsawon asali ne. In an ƙara wa siket inci 3, aka kuma shimfiɗa gaba da baya ɗaya bayan ɗaya, inci 6 ya ƙaru, ba 3 ba. Yadi kuwa inci 36 ne kawai. Masu ɗinka atamfa su kan yanka dogon siket a gicciye domin zanen baki ya zo a gindi. Mai yin haka ya sani faɗin atamfar, wajen inci 45 zuwa 48, shi ne iyakar tsawon da zai samu, har da kalmasa da rarar ƙugu.

Yadin auduga ya kan shige in ya sha ruwa, ya fi kuwa shigewa ta tsawo. A jiƙa shi, a shanya, a goge, kafin a yanka. In ba haka ba duk lissafin nan wanki ɗaya zai cinye shi. In yadin mai tsada ne, a fara gwada saman rigar da akoko ko tsohon zanen gado, a yi dogon ɗinki da hannu, a sa a gani. Kalmasa ita ce ta ƙarshe. A sa rigar da takalmin da za a riƙa sa ta da shi, wani ya auna daga ƙasa da rula yana sa fil kewaye. Siket mai buɗewa ƙwarai a rataye shi ya kwana tukuna, gama wurin da ya faɗa a karkace ya kan zazzago.

Kayan makaranta na yara suna da tasu dabara, domin yaro ya fi saurin girma ta tsawo bisa ga faɗi. A bar kalmasa mai zurfi, wajen inci 3. A kuma ƙara wa saman rigar inci 1 a takarda, a ɗinke shi ya zama ninki mai zurfin rabin inci ta ciki, dab da ƙugu. Baɗi in yarinya ta miƙe, sai a warware ninkin a saki kalmasa, riga ta ƙara shekara. Iyayen da ke da yara huɗu ko biyar a makaranta sun san darajar wannan.

A cikin aji

Ga shawara ga wanda zai koyar da wannan darasi. Kada ka fara da yadi, kada ma ka fara da babbar takarda. Zana ƙaramin saman riga da siket, rabin girma, bisa takardar jarida, ko wane yaro ya sami nasa. Su ja kibiya, su ja layin gyara, su rage, su ƙara, su daidaita gefe, har hannu ya saba. Takardar jarida in ta ɓaci ba wanda zai yi kuka.

Sa su su auna juna biyu-biyu, mata da mata, maza da maza. Ko wa ya rubuta nasa cikin littafinsa, kada a kira awon wani da ƙarfi a gaban aji. Yara a wannan shekaru suna jin kunyar jikinsu, wanda aka yi wa dariya sau ɗaya ba zai ƙara son ɗinki ba. Ka gaya musu sarai, wanda awonsa ya saɓa da na ambulan ba shi da wani aibu, gama takarda ce a ke gyarawa ta bi mutum.

Ka kuma haɗa kai da malamin lissafi. Rabi da kwata da kashi takwas na inci, da mai da inci santimita, da raba tazarar maɓallai, duk suna cikin wannan darasi. Yaron da ya kasa gane rabin kwata 3 a allo, ya kan gane shi da ya ga ninki a hannunsa.

Daga ƙarshe, ka kafa doka ɗaya a ajinka: ba mai ɗaukar almakashin yadi sai ya kawo maka takardarsa da littafin awonsa, ka ɗora tef da kanka a zango-zango, ka sa hannu. Zai ci maka minti biyar ga ko wane yaro. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Kafin mu fita gwajin koyarwa, ina roƙon ko wannenmu, mace da namiji, ya nemi abokinsa su auna juna, ya gyara takarda guda ɗaya daidai jikinsa, domin abin da za mu nuna wa yara ya zama abin da hannunmu ya riga ya yi.